Me ya sa fim ɗin da ake kallo a wata ƙasa ba ya buɗewa a taka? Tambayoyi da amsoshi

Wani ya ba ka labarin fim, ya kambama shi har ka ƙagu ka gani, ya ce yana nan a Netflix. Ka buɗe manhajar, ka rubuta sunan, ka sake rubutawa ko ka yi kuskuren harafi, shiru. Shi kuwa bai yi ƙarya ba, a ƙasar da yake zaune fim ɗin yana nan. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu kallo suka fi yi idan sun ci karo da wannan katanga.

Kamfani ɗaya, manhaja ɗaya, me ya sa abin da ke ciki ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa?

Saboda yawancin abin da ke cikin manhajar haya kamfanin ya ɗauko. Mai fim, wato wanda ya shirya shi ko dillalin da ke riƙe da haƙƙinsa, ba kasafai yake sayar da shi dungurungum ba. Yanka shi yake yi gunduwa-gunduwa: wannan ƙasa ga wane na shekara kaza, waccan ga wane, izinin gidan silima daban, na talabijin daban, na intanet daban. Idan wani gidan talabijin a Jamus ya riga ya biya aka ba shi izinin nuna wani shiri shi kaɗai, to Netflix da Prime Video ba su isa su nuna wa mazaunin Jamus shi ba sai wa'adin ya cika, ko da suna nuna shi a Brazil.

Tushen abin yana cikin dokar haƙƙin mallaka. Yarjejeniyar Berne ta 1886 ta sa ƙasashe suna mutunta haƙƙin marubutan juna, amma kowace ƙasa tana nan da dokarta, kuma kariyar da take bayarwa a bakin iyakarta take tsayawa. Ko tsawon wa'adin kariyar bai zama ɗaya ba. Yarjejeniyar ta ce aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci, Tarayyar Turai kuwa 70 ta ɗauka.

Abin yakan kai ga ban dariya. Lokacin da Netflix ya shiga Faransa da Jamus a watan Satumba na 2014, shirin House of Cards, wanda duniya ta sani da sunan Netflix, yana hannun wasu a ƙasashen biyu: Canal+ a Faransa, Sky a Jamus. An sayar musu da izinin tun kafin Netflix ya iso. A 2020 kuma Netflix ya sayi izinin fina-finai 21 na kamfanin Studio Ghibli na Japan, aka sanar cewa cinikin ya shafi duniya ban da Amurka da Kanada da ita kanta Japan ɗin. A Amurka HBO Max ne ya samu.

Intanet ne ya zo da wannan tsari?

Ya tarar da shi. Faifan DVD an raba masa duniya gida shida tun ƙarshen shekarun 1990. Amurka da Kanada su ne yanki na 1, Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya da Afirka ta Kudu na 2, yawancin Afirka da Indiya da Rasha na 5, Sin ita kaɗai na 6. Faifan wani yanki ba ya tashi a na'urar wani yanki. Da Blu-ray ya zo aka rage gidajen zuwa uku, A da B da C. Tsohuwar al'adar kasuwar fim ce aka ɗauko aka ɗora wa intanet, wanda shi tun asali ba a gina shi da iyakar ƙasa ba. Shi ya sa ɗinkin yake ta ɓarkewa.

Ta yaya suke sanin inda nake?

Da adireshin IP. Duk na'urar da ta hau intanet, kamfanin da ke ba ta layi yana ba ta lamba, kuma da wannan lambar kwamfutocin Netflix ko Disney+ suke sanin inda za su aiko da hoto. Hukumomi biyar ne ke raba lambobin a duniya: ARIN a Arewacin Amurka, RIPE NCC a Turai da Gabas ta Tsakiya, APNIC a Asiya da Ostareliya, LACNIC a Latin Amurka, AFRINIC a Afirka. Akwai kuma kamfanoni irin MaxMind da sana'arsu ke nan, su tattara jerin lambobi su ce wannan ta ƙasa kaza ce, gari kaza, su sayar wa mai buƙata.

Bayan IP akwai shaidu na biyu: ƙasar da ta ba da katin bankin da ka biya da shi, ƙasar da ka saita a shagon manhajojin wayarka, lambar wayar da ka yi rajista da ita. Wasu manhajojin, musamman na wasanni da tashoshin kai-tsaye, har GPS na waya suke neman gani kafin su buɗe.

Ni fa na biya kuɗina. Idan na yi tafiya, me zan gani?

Ya danganta da kamfanin. A Netflix, asusunka yana aiki a duk ƙasar da kamfanin yake, amma rumbun fina-finan ƙasar da ka sauka za ka gani. Kana tsakiyar shiri mai dogon zango, ka sauka daga jirgi, ka nemi zango na uku ka rasa. Ko abin da ka sauke a waya kafin ka tashi yana iya ƙin buɗewa idan babu izininsa a can. Kuɗinka na wata izinin shiga rumbun wurin da ƙafarka take ya saya maka, fim ko ɗaya bai zama naka ba.

Wasu kuma ko ƙofar ba sa buɗewa. BBC iPlayer na mazauna Birtaniya ne kawai, domin da kuɗin lasisin talabijin da gidajen ƙasar ke biya ake ɗaukar nauyinsa, kuma tun 1 ga Satumba 2016 sai mai lasisin doka ta yarda ya kalla.

Tarayyar Turai ce ta fita daban. Daga 1 ga Afrilu 2018, wanda ya biya kuɗin kallo a wata ƙasa ta tarayyar, idan ya je wata na ɗan lokaci, dole a nuna masa rumbunsa na gida. 'Yan Birtaniya sun ci wannan moriya har ƙarshen 2020, da ficewarsu ta kammala suka rasa ta.

To me ya hana kamfanin ya sayi izinin duniya gaba ɗaya a huta?

Wani lokaci tsada, wani lokaci kuma babu na sayarwa. Izinin wata ƙasa yana iya zama a hannun wani na shekaru masu yawa, sai an jira. Ko da akwai, kamfani yana lissafi: shirin da aka san mutanen wata ƙasa ba za su kalla ba, me zai sa a biya kuɗinsa, a ƙara da na fassara da na ɗora murya?

Akwai kuma dalilin da masu kallo ba su cika sani ba, shi ne kuma mafi ƙarfi. Fina-finai da yawa, musamman na ƙananan kamfanoni, da kuɗin wannan rabon ake yin su. Furodusa yana zuwa kasuwar fim ta Cannes ko ta Berlin da labari a takarda da sunayen 'yan wasa, ya sayar da izinin Italiya ga wani dillali, na Koriya ga wani, na Sifaniya ga wani, tun ba a kunna kyamara ba. Ya kwashi takardun alkawarin ya kai banki a ba shi rance. Dillalin Italiya ya sa hannu ne bisa sharaɗin cewa shi kaɗai zai nuna fim ɗin a ƙasarsa. Ranar da aka ce ɗan Italiya yana iya kallonsa daga manhajar wata ƙasa, wannan takarda ta rage daraja, rancen ma ya tashi. Shi ya sa duk lokacin da aka taso da maganar rushe katangar a Turai, ƙananan furodusoshi suna cikin waɗanda ke fara kururuwa.

Wannan hujja tana da nauyi, amma ba ta wanke kowa ba. Akwai fina-finai birjik da babu wanda ya sayi izininsu a ƙasashe da dama, babu kuma mai shirin saya. A irin wannan wuri katangar ba ta kare cinikin kowa. Mutum ne riƙe da kuɗinsa yana neman mai karɓa, aka ce ya koma gida. Ina ake zaton zai nufa in ba shafukan satar fasaha ba?

Manyan kamfanonin sun nemo wa kansu mafita, su shirya nasu. Abin da kamfani ya ɗauki nauyinsa tun daga tushe yana iya sakinsa a ko'ina rana ɗaya. Sai dai hakan ya haifi wata katangar. Disney da Warner da Paramount kowa ya buɗe tasa manhajar ya janye kayansa daga na wasu, kuma ba kowace manhaja ce ta isa kowace ƙasa ba.

Ko yaushe maganar izini ce?

A'a, gwamnatoci ma suna da hannu. A farkon 2019 aka ji cewa Netflix ya cire kashi ɗaya na wani shirin barkwancin siyasa a Saudiyya, bayan hukumomin ƙasar sun ce ya saɓa wa dokarsu ta laifukan intanet. Kashin ya soki yarima mai jiran gado kan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi. A 2020 kamfanin ya fitar da jerin abubuwa tara da ya taɓa cirewa bisa buƙatar gwamnatoci, biyar daga ciki Singafo ce ta nema.

Faransa kuma gidajen silima take karewa. Fim ɗin da ya fito a silima a can sai ya jira kafin ya hau manhaja. A da wata 36 ake jira, yarjejeniyar 2022 ta rage wa Netflix zuwa wata 15 bayan ya amince ya zuba kuɗi a fina-finan ƙasar. Tarayyar Turai ma ta wajabta cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na rumbun kowace manhaja ya zama aikin Turai. Sannan akwai inda babu manhajar kwata-kwata: Netflix ba ya aiki a Sin da Koriya ta Arewa, kuma ya dakatar da aiki a Rasha a watan Maris na 2022 bayan mamayar Yukiren.

Ƙwallon ƙafa fa? Ita ce ta fi tsanani.

Ita ce kam, domin wasa darajarsa ta minti 90 ce, kuma kuɗin da ke ciki ba ƙarami ba ne. Gasar Firimiya ta Ingila yanki-yanki take gwanjon izininta: NBC a Amurka tun 2013, beIN Sports a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, SuperSport a Afirka kudu da Sahara, Sky a gida. Wanda ya zuba wannan kuɗi ba zai lamunci a riƙa leƙo wasan ta tagar maƙwabci ba.

Abin mamaki, waɗanda aka fi toshewa su ne masu gasar. A Ingila ba a nuna ƙwallo kai-tsaye ranar Asabar tsakanin ƙarfe 2:45 da 5:15 na yamma a lokacin kakar wasa, don kada mutane su ƙaurace wa filayen ƙananan ƙungiyoyi. Wasan ƙarfe uku da ake kallo a nahiyoyi daban-daban, mutumin da gidansa ke kallon filin ba shi da halaliyar hanyar ganinsa a talabijin.

Mene ne VPN, ta yaya yake tsallake katangar?

Manhaja ce da ke ɗaukar duk abin da na'urarka ke aikawa, ta kulle shi, ta bi da shi ta wata kwamfuta da ke wani wuri kafin ya fita intanet. Idan kwamfutar tana Kanada, adireshin Kanada manhajar fim za ta gani. Ba don kallon fim aka ƙirƙiro shi ba. Ma'aikatu ne suka fara amfani da shi don ma'aikaci ya shiga kwamfutocin ofis daga nesa ba tare da wani ya tsinci bayanan a hanya ba, har yanzu kuma wannan babban aikinsa ne.

Na kunna VPN amma an gane ni. Yaya aka yi?

Kamfanonin VPN a manyan cibiyoyin ajiyar bayanai suke hayar kwamfutoci, kuma an san jerin adireshin waɗannan cibiyoyi. Ba gidan kowa ba ne. Idan aka ga asusu ɗari biyar suna kallo daga adireshi guda, ba sai an yi duba ba. Haka in adireshin yana cewa Amurka amma wasu alamun na'urar suna nuna wata nahiya. Sai a saka adireshin a jerin waɗanda aka toshe, mai VPN ya nemo sabo, a sake toshewa. Wasan ɓuya ne da ba ya ƙarewa, shi ya sa VPN ɗin da ya yi aiki jiya yau yake ƙi.

Shekaru da dama Netflix bai matsa ba. Saƙonnin cikin gida na Sony Pictures da aka sace a 2014 sun nuna jami'an kamfanin suna ƙorafin cewa Netflix na sakaci da masu tsallake. Ranar 6 ga Janairu 2016 Reed Hastings, shugaban Netflix na lokacin, ya sanar a Las Vegas cewa Netflix ya buɗe a ƙarin ƙasashe 130 a lokaci guda, jimla sama da 190. Mako guda bayan haka kamfanin ya ce zai fara toshe masu shigowa ta ɓarauniyar hanya. Yanzu idan ya gane kana kan VPN, abin da yake da izininsa a duk duniya kawai yakan nuna maka. Ka je neman ƙari, ka dawo da ragi.

Laifi ne a doka?

Abu biyu ne ake haɗawa. Na farko dokar ƙasa. A yawancin ƙasashe VPN halal ne. Sin da Iran da Rasha sun taƙaita shi, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma tana hukunta wanda ya yi amfani da shi wajen aikata laifi ko ɓoye shi. Matafiyi ya binciki dokar inda za shi tun kafin ya tashi.

Na biyu alkawarin da ka danna ka amince da shi ranar rajista, wanda kusan babu mai karantawa. A ciki akwai sharaɗin cewa ba za ka kauce wa shingen ƙasa ba. Karya shi saɓa yarjejeniya ce tsakaninka da kamfani, kuma kamfanin yana da ikon rufe asusunka. Abin da aka fi gani dai shi ne a toshe hoton, a ce ka kashe VPN ka dawo.

VPN na kyauta fa?

Kwamfutoci da layukan da VPN ke gudana a kansu kuɗi ake biya. Wanda bai karɓi kuɗinka ba, ta wata hanya yake fanshewa: talla, ko sayar da bayanan inda kake shiga, ko abin da ya fi haka muni. A 2015 aka gano cewa Hola, wata manhajar VPN ta kyauta wadda miliyoyin mutane suka sauke don kallon fina-finan wasu ƙasashe, tana sayar da layin masu amfani da ita ta wani reshe mai suna Luminati. Ma'ana, wani da ba ka sani ba yana yawo a intanet da adireshin gidanka, duk ɓarnar da ya yi kai za a nuna. Araha ba ta ado.

Zan iya yin rajista a ƙasar da kuɗin wata ya fi sauƙi?

Kamfanoni suna saka farashi gwargwadon ƙarfin aljihun kowace ƙasa, kuma sun san da masu wannan dabara. Yawanci sai da katin banki na ƙasar ake karɓar kuɗi. A 2024 YouTube ya soke rajistar Premium ta mutanen da ya gano ƙasar da suka yi rajista ba ita ce inda suke zaune ba. Masu tallan asusu mai rahusa a kafafen sada zumunta kuwa, da yawa asusun sata suke sayarwa, ko asusu ɗaya ga mutum goma.

Ban kunna VPN ba, amma an ce ina amfani da shi. Me ya faru?

Jerin adireshin nan ba wahayi ba ne, ana kuskure. Tun da tsofaffin lambobin IP suka ƙare a babban rumbu a 2011 ake cinikinsu tsakanin kamfanoni da ƙasashe, sai lamba ta koma wata nahiya jerin bai sani ba. Intanet na tauraron ɗan'adam da na ofis da na otal sukan fita ta wata ƙasa. Layin wayarka na gida idan kana yawo da shi a waje yakan mayar da data gida kafin ta fita, sai a gan ka a inda ba ka nan. A 2016 aka bankaɗo cewa MaxMind ya daɗe yana jingina duk adireshin Amurka da bai san takamaiman wurinsa ba ga wani wuri a tsakiyar ƙasar, wurin kuwa ya faɗa kan wata gona a jihar Kansas. Adireshi sama da miliyan 600 suka taru a kanta, mazauna gidan suka yi ta karɓar baƙuncin 'yan sanda da mutanen da aka damfara.

Ka duba ko akwai wata manhajar tsaro ko ta toshe talla da ke karkatar da layinka, ka kashe na'urar intanet ɗin ka kunna, ka gwada wani layi. Idan abin ya ci gaba, kamfanin da ke ba ka intanet ne zai nemi a gyara bayanin adireshin.

Akwai wanda ya taɓa ƙalubalantar tsarin?

Karen Murphy, mai wata mashaya a Portsmouth ta Ingila, ta ga kuɗin Sky ya yi mata yawa, ta sayi dikoda ta wani kamfanin Girka tana nuna wasannin Firimiya. Aka gurfanar da ita aka ci ta tara. Ta ɗaukaka ƙara har Kotun Tarayyar Turai, wadda a watan Oktoba na 2011 ta ce hana sayen katin dikoda daga wata ƙasar tarayyar ya saɓa wa 'yancin kasuwa. Nasarar ba ta cika ba, domin kotun ta ce tambarin gasar da takenta suna da kariya, nuna su a wurin kasuwanci sai da izini.

Da tarayyar ta yi dokar hana wariyar ƙasa a cinikin intanet, wadda ta fara aiki ranar 3 ga Disamba 2018, sai ta tsame fina-finai da wasanni daga ciki. A Ostareliya wani kwamitin majalisa ya ba da shawara a 2013 cewa a fayyace wa jama'a haƙƙinsu na tsallake irin wannan shinge. A New Zealand wasu kamfanonin intanet sun taɓa ba abokan cinikinsu hanyar tsallakewa da suka kira Global Mode, gidajen talabijin na ƙasar suka kai su kotu, aka rufe ta a watan Satumba na 2015.

Me ya sa waƙa ba ta cika samun wannan matsala ba?

Kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, su ke riƙe da kaso mafi tsoka na waƙoƙin da ake saurare, kuma suna ba Spotify da Apple Music da sauransu kaya iri ɗaya, ba a keɓe wa ɗaya. Duk da haka akwai ɓurɓushi. Daga 2009 zuwa Nuwamba 2016 bidiyon waƙoƙi masu ɗimbin yawa ba sa buɗewa a YouTube a Jamus saboda rikicin kuɗi da GEMA, ƙungiyar da ke karɓar haƙƙin mawaƙa. Mai asusun Spotify na kyauta kuma kwana 14 kawai yake iya saurare a wajen ƙasarsa kafin a ce ya sauya ƙasar a saiti.

To yaya zan yi in ga fim ɗin da nake nema?

Fara da gano wanda ke riƙe da izininsa a inda kake. Shafuka irin JustWatch suna nuna manhajar da fim yake a ƙasashe da yawa, kuma sau da yawa za ka tarar yana nan, a wata manhajar da ba ka yi zato ba. In babu shi a na biyan wata, duba shagunan haya ko saye na Apple da Google da Amazon, domin izinin haya daban yake da na rumbu. Netflix yana da shafin da ake rubuta sunan abin da ake so a kawo. Wa'adin izini kuma yana ƙarewa, abin da babu a watan nan yana iya bayyana a na gaba, don haka ka sa sunan a jerin jira na irin waɗannan shafuka, su sanar da kai ranar da ya iso.